Tsawar da Auta Ba Ta Ji Ba

Bango ɗaya ne ya raba ɗakin ɗinkina da ɗakin kafinta, kuma bangon nan bai taɓa tare mini komai ba. Shekara da shekaru ina koyar da ɗinki a makarantar nan, ina shan ƙarar zarto, ina shaƙar garin katako, sannan a kai a kai muryar maƙwabcina ta keto bango ta shigo, allura ta suɓuce daga hannun yarinya. Ɗalibai ne suka laƙaba masa Malam Tsawa. Sunan ya bi shi har ɗakin malamai, har matarsa ma idan ta aiko da saƙo cewa take a kai wa Malam Tsawa.

Ɗan siriri ne, gajere, in ka gan shi ba za ka ce wannan murya daga ƙirjinsa take fita ba. Hannunsa na hagu yatsa uku ne, kuma bai taɓa ɓoye shi a aljihu ba. Duk ranar da sababbin ɗalibai suka shigo ɗakinsa, sai ya ɗaga hannun ya ba su labari. Yana saurayi yana koyon aiki a wurin yanka katako, maigidansa na tsaye a bayansa, ya ga hannun yaron ya karkace yana dosar bakin zarto, amma ya ja bakinsa ya yi shiru, wai kada ya firgita shi.

"Da ya daka mini tsawa," in ji Malam, "da yau da cikakken hannu nake sa maɓallin riga."

Tun daga ranar ya ɗaukar wa kansa alkawari ba zai taɓa yin shiru a bayan yaro ba. Kalma ɗaya ce tasa: "Tsaya!" Da ya faɗe ta, kowa a ɗakin sai ya ɗauke hannu daga abin da yake yi, ko da fensir ne. Idan kuma aka buga ƙararrawar tashi, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Hannu sama," yara su fita ɗaya bayan ɗaya da yatsu a ware, yana bin su da ido yana ƙirgawa. Ni kuma daga ƙofata sai in tsokane shi.

"Malam, yau ma an cika?"

"An cika, Malama. Ke dai ki ji da allurarki."

A duk shekarun nan babu yaron da ya bar ko farce a ɗakinsa. Wannan ne kaɗai abin da yake taƙama da shi a duniya, don ba shi da mota, rigunansa kuma ni na san adadin facin da ke jikinsu.

Sai aka kawo mana sabuwar shugabar makaranta, mace mai saurin tafiya da saurin magana. Ta ce daga yanzu babu sana'ar maza babu ta mata, kowane ɗalibi ya zaɓi ɗakin da yake so. Ta kuma buɗe ƙofa ga yaran da a da ake mayar da su gida, aka zuba siminti a gefen matakala saboda masu keken guragu. Ni aka turo mini wasu samari masu yatsu kamar taɓarya, suna zura zare suna gumi. Shi kuma Malam Tsawa 'yan mata kaɗan suka zaɓi ɗakinsa.

Ranar taron iyaye aka yi ta ka-ce-na-ce har wani uba ya buga tebur. Ya ce shi bai kawo 'yarsa a mayar masa da ita da dungu ba. Shugaba ta ga taron zai watse mata, sai ta yi musu alkawari a gabanmu duka: ranar da jinin yarinya mace ya ɗiga a ɗakin kafinta, ranar za ta rufe ƙofar ga 'yan mata gaba ɗaya. Iyaye suka lafa. Na waiga na dubi Malam, na ga fuskarsa ta yi fari kamar an yayyafa masa garin alli.

A cikin 'yan matan akwai wadda kowa ke kira Auta, don haka uwarta ke kiranta. Zazzaɓi ne ya tafi da jinta tun tana ƙarama. Idan ka fuskance ta tana karanta leɓɓanka, tana kuma maganar hannu, amma in ka juya baya ko ganga ka buga ba ta san ana yi ba. Doguwa ce, mai ido tar, ba ta da yawan murmushi. Burinta ɗaya, ta ci jarrabawar aikin hannu ta wuce kwalejin koyon sana'a, kuma babu mai cin wannan jarrabawa sai ya yanka katako a injin zarto.

Aka yi makonni injin nan bai yi ko tari ba. Kullum Malam sai ya ce babu wuta. Ni da farko na ɗauka baƙin hali ne irin na tsofaffin maza, kuma ba na iya haɗiye irin wannan. Wata rana bayan an tashi na faɗa ɗakinsa ko sallama ban ƙarasa ba.

"Malam, wai babu wuta? To kekunan ɗinkina da iska suke aiki? Ka fito fili ka ce ba ka son mata a nan, mu san inda muka dosa."

Ya rufe ƙofa, ya ciro fis ɗin injin daga aljihunsa, ɗan abin da in babu shi wuta ba ta shiga, ya mayar, ya kunna. Ya ɗauko wani tsohon ƙyalle ya riƙe shi daga nesa, ya bar gefensa ya taɓa haƙoran zarton. Ban ga lokacin da ƙyallen ya bar hannunsa ba. Ƙara kawai na ji, sai ga zare-zare suna saukowa daga sama. Ya kashe injin ya dube ni.

"Wannan mayafi ne, Malama. Kuma a cikin mayafi akwai wuya."

Na zo da faɗa cike da baki, na rasa inda zan ajiye shi. A makon nan na zauna na ɗinka wa 'yan matan gajeren abin rufe kai wanda ba shi da jela ko kaɗan, da hannun riga mai roba. Na yi wa wuyan ɗinki mai rauni da gangan, yadda in wani abu ya fizga zai yage nan take. Ni da nake warware ɗinkin ɗaliba sau uku in ya yi sako-sako, ga ni ina ɗinkin banza da hannuna, ina addu'a kada a taɓa gwada ingancinsa.

Na kai masa, ya jujjuya, ya ja wuyan ɗaya ya ga ya yage, ya gyaɗa kai.

"Mayafi kin gyara," ya ce. "Kunne fa?"

A nan na gane abin da ke cinsa. Sauran 'yan matan ya fara sa su a injin, yana tsaye a bayansu da tsawarsa a bakin harshe, suna kuwa yi daidai. Auta kaɗai ya bari a kusurwa da takardar goge katako, tana ta guga, tana kallon injin. Duk makaminsa murya ce, ga kuma yarinyar da murya ba ta isa gare ta.

Uwar Auta ce ta zo da kanta. Ma'aikaciyar wanki ce a asibiti, hannuwanta duk sun tsattsage da ruwan sabulu. Malam ya kira ni in zama shaida, muka zauna a kan bencin aiki.

"Malam, yarinyar nan kullum da kuka take dawowa," ta ce. "Ta ce kowa na yanka, ita tana shara."

"Baiwar Allah, ki mayar da ita wajen Malama ta koyi ɗinki. Allura in ta soke ta, tsotsewa za ta yi ta ci gaba. Wannan abin ba ya mayar da abin da ya karɓa." Ya ɗora hannun hagunsa a kan bencin.

Uwar ta dubi hannun, ta daɗe. Na ga tsoro ya shige ta, don uwa ce. Amma ta juya ta yi wa Auta maganar hannu, Auta ta mayar mata da sauri, yatsu na tashi kamar tana faɗa.

"Me ta ce?" in ji Malam.

"Ta ce a ko'ina cikin makarantar nan ita kaɗai ce kurma. Amma a ɗakin nan, da an kunna inji, kowa kurma ne, kowa da hannu yake magana. Ta ce a nan ne kawai take daidai da kowa." Uwar ta goge ido da gefen mayafi. "Malam, ni ma tsoron nake ji, wallahi. Amma tun tana ƙarama nake tsare ta daga titi, daga wuta, daga mutane. In na mutu wa zai ci gaba da tsarewar?"

Washegari ya kira Auta gaban injin. Sai dai ya kafa kansa a jikin bango, hannunsa a kan babban makunnin da ke kashe wutar ɗakin duka. Da yarinya ta tura katako ya kai rabi, sai ya kashe. Ta sake, ya kashe. Daga ɗakina ina jin injin yana tashi yana mutuwa, yana tashi yana mutuwa, har samarina suka fara dariya. Ya gwada ɗaura jan ƙwan fitila a saman injin don ya riƙa yi mata alama, sai ya ga dole ta ɗauke ido daga zarto kafin ta ga fitilar, ya cire shi da kansa yana salati. Ya gwada buga ƙafa a ƙasa, amma daɓen siminti ne, babu abin da ke isa gare ta.

Ran nan Auta ta gaji. Ya kashe mata inji a tsakiyar yanka, ta ajiye katakon, ta zo gabansa ta nuna makunnin ta girgiza kai da ƙarfi. Ta koma ta kunna, ta ɗora tafin hannunta a gefen teburin injin, nesa da zarto, ta yi masa alama shi ma ya ɗora. Ta sa wani yaro ya tura katako. Da zarton ya shiga itace sai rawar teburin ta canza, ta dube shi ta ɗaga gira, wato ka ji? Ya ji. Da yamma ya ba ni labari, amma ya ƙara da cewa, "Tafin hannu ba kunne ba ne, Malama."

Mutumin nan ya rame a idona. Abincin da matarsa ke aiko masa haka yake komawa. Ya ce mini ko a kan sallaya yake sai ya ji ƙarar zarto a kansa. Ni ma ban tsira ba, duk lokacin da na san ajin Auta ne a ciki, sai in kasa zura zare, in zauna ina kallon bango. Tsoro biyu ne ke cin mu: hannun yarinyar, da kuma ƙofar nan da ɗigon jini ɗaya zai rufe wa duk 'yan matan da ke tafe a bayanta.

A haka jarrabawa ta zo. Dokarta kuwa, mai jarrabawa daga waje yake zuwa, malamin aji kuma ba ya shiga ɗakin. Da safe aka sauke katakon da za a yi aiki da shi. Malam ya ɗauki ɗaya ya sansana, ya danna farce a jiki, ya dube ni.

"Ɗanye ne," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ɗanyen katako yana matse zarto. In ya matse, sai ya yi tsalle ya dawo kan mai turawa."

Ya tari mai jarrabawar a bakin ƙofa, wani mutum mai tabarau da ba ya son doguwar magana. Ya roƙe shi ya ɗauke wa yarinya ɗaya aikin inji, ya ba ta zarton hannu. Mutumin ya ce shi ba shi da wannan iko, ko ta yi abin da kowa ya yi, ko ta rasa makin. Malam ya manta Auta na tsaye a gefe tana karanta bakinsa. Ta yi masa wani kallo da ni kaina sai da na sunkuyar da kai. Ta gyara abin rufe kanta, ta shige, aka rufe ƙofa.

Tagogin ɗakin kafinta a can sama suke, ba a ganin komai daga waje. Malam ya jingina da bango, kunnensa a jikin siminti, ni kuma na bar ajina na tsaya kusa da shi. Da ƙarar kaɗai yake gane kowa.

"Wannan dogon yaron ne, yana dannawa da ƙarfi kamar ana binsa," ya ce. Can kuma, "Wannan 'yar gajeruwar ce. Madalla." Duk wanda ya gama sai ya sauke numfashi.

Sai injin ya yi shiru na ɗan lokaci, ya sake tashi. Malam ya miƙe daga jinginar.

"Ita ce."

Ƙarar ta tafi sumul, babu gaggawa babu tsayawa. Ni da ban san komai a kan zarto ba na ji daɗinta. Ina ta karanto duk addu'ar da ta zo bakina, ina haɗa farkon wata da ƙarshen wata. Katakon ya kai wajen rabi. Sai ƙarar ta sauka, ta yi kauri, injin ya fara gurnani kamar an shaƙe shi.

"TSAYA!"

Na sha jin tsawar mutumin nan, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Tsuntsaye suka tashi daga rufin ɗakin taro. Ƙarar injin ta mutu. Sai wani ihu ya fito daga cikin ɗakin, ihun ciwo, wani ƙarfe ya faɗi a kan siminti.

Malam ya sulale a jikin bangon. Ni ce na banka ƙofar, doka ko ba doka ba. Abin da na fara gani jini ne a ƙasa, ja wur a kan garin katako. Na bi shi da ido, sai na ga ba wajen inji ya nufa ba. A can bencin baya wani yaro ne ke riƙe da hannunsa. Yana sassaƙa da kurfi ne tsawar ta faɗo masa, ya zabura, ƙarfen ya zame ya shige gindin babban yatsansa.

Auta kuwa tana gaban injin, ta ba mu baya. Gwiwarta na kan jan maɓallin kashewa, hannuwanta biyu sun danne katakon, tana jiran zarton ya gama juyawa kafin ta motsa, kamar yadda aka koya mata. Ba ta san an yi tsawa ba, ba ta san an yi ihu ba. Mai jarrabawar ya cire tabarau yana gogewa.

"Ta riga ta kashe kafin malaminsu ya yi tsawar," ya ce mini. "Ina tsaye a gefenta."

Na yage hannun rigar aikina na ɗaure wa yaron, ina danna wurin, ina ce masa ya daina kallo. Sai ga Shugaba a guje, takalmi ɗaya a hannu. Ta ga jinin ta dafe ƙirji.

"Wace ce?"

"Namiji ne, ranki ya daɗe."

"Alhamdulillahi," ta ce, kafin ta kama bakinta.

Raina ya ɓaci har na manta a gaban wa nake. Na ce mata, "Jinin nasa ruwa ne? Ga shi ya zuba, ban ji kin ce za a rufe wa maza ƙofa ba." Ta karɓi yaron da kanta ta nufi mota da shi. A bakin ƙofa ta ci karo da Malam, ya rarrafo ya miƙe yana dafe da ƙyaure. Ya buɗe baki, muryar ta fito a shaƙe kamar ta mai mura, ashe tsawar ta tafi da ita.

"Ranki ya daɗe, ba inji ba ne, ba yarinyar ba ce. Ni ne na yanka shi. Kada a rufe musu."

Ta dube shi, ta dubi Auta da ta sassauta katakon ta juya shi ta sake kunna inji abinta. Ta ce, "Ba za a rufe ba, Malam," ta wuce. An yi wa yaron ɗinki a asibiti, yatsan bai tafi ba, sai tabo. Malam ya yi ta zarya gidansu har uban yaron ya ce ya isa haka.

Amma a ranar ba mu san da wannan ba tukuna. Mai jarrabawar ya sake fitar da mu, aka ƙarasa aiki. Malam ya zauna a kan matakala, ya haɗa kai da gwiwa. Na zauna a gefensa. Ƙarar zarto ta tashi, ta tafi sumul har ƙarshen katako, bai ɗaga kai ba.

Da aka buga ƙararrawa yara suka fara fitowa. Karo na farko tun da na san shi, bai tsaya a ƙofa ba, babu wanda ya ce hannu sama. Suka wuce shi sum-sum, suna satar kallonsa. Auta ce ta fito a ƙarshe, garin katako har a girarta. Ta duba bakin ƙofa ba ta gan shi ba, ta waiga ta hango shi a matakala. Ta sauko ta tsaya a gabansa, ta jira. Da ya ƙi ɗagowa sai ta buga ƙafa a ƙasa kusa da takalminsa.

Ya ɗaga kai. Ta ɗaga hannuwanta biyu sama, yatsu a ware.

Ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, daga ƙaramin dama har ƙaramin hagu, ya sake dawowa. Leɓɓansa na motsi, babu abin da ke fita, hawaye na bin garin katakon da ke fuskarsa. Sai ni na faɗa masa.

"An cika, Malam."